Yadda Ake Ƙiyasta Abin da Ke Tsakanin Ɗigogin Awo a Kwamfuta Idan Ma'aunai Sun Fi Ɗaya

Duk wanda ya taɓa aiki da jadawalin awo ya san wannan: lambar da kake nema ita ce ba ta ciki. An gwada famfon ruwa yana juyi 1000 a minti, an gwada shi yana 2000, kai kuma 1250 kake bukata. Da gudun ne kaɗai ke sauyawa, da abin ya zo da sauƙi, sai ka ja layi tsakanin awo biyun ka karanta. To amma ruwan da famfo ke fitarwa ya danganta da gudu, ya danganta da matsi, wataƙila har da zafin ruwan. Ma'aunai sun zama biyu ko uku, layi ɗaya ba zai wadatar ba. Wannan aiki na cike giɓin da ke tsakanin ɗigogin da aka auna shi masu lissafi ke kira intafoleshan, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa ƙiyasin tsakani. Da Python da kundin SciPy zan kawo misalai tunda kyauta ne, amma zan riƙa ambaton takwarorinsu na MATLAB inda ya dace.

Mataki na 1: zana ɗigogin ka gani da idonka

Kafin ka zaɓi kowace hanya, ɗauki ma'aunai biyu ka zana wuraren da aka yi awon, ɗigo-ɗigo, ba tare da ka damu da sakamakon awon ba tukuna. Tambaya ɗaya kake son amsawa: a jere suke kamar gidan dara, ko a warwatse suke?

Idan an auna kowane gudu da kowane matsi, babu gidan da aka tsallake, to bayananka a kan raga suke. Ba dole tazarar ta zama ɗaya ba. Gudu na iya zama 1000, 1500, 3000, har yanzu raga ce muddin kowane layi ya cika. Idan kuwa awon ya faɗo inda ya faɗo, kamar tashoshin auna ruwan sama ko rijiyoyin da aka haƙa inda aka samu dama, to warwatse ne. Hanyoyin nan biyu sun bambanta ƙwarai, kuma mai raga da ya bi hanyar warwatse ya ɗora wa kwamfutarsa kaya a banza, amsar ma ba ta fi kyau ba.

Tun kana nan ka share bayanan. Cire layukan da babu lamba a ciki. Nemo wuraren da aka auna sau biyu da sakamako daban, ka haɗa su ka ɗauki matsakaici. scatteredInterpolant na MATLAB yakan yi maka wannan da kansa ya ba ka gargaɗi, amma wasu hanyoyin tsayawa suke yi cik, wasu kuma su ɗauki ɗaya su watsar da ɗaya ba su gaya maka ba.

Mataki na 2: idan raga ce

Yana da kyau ka yi lissafin da hannu sau ɗaya a rayuwarka, don ka san abin da na'ura ke yi a bayan labule. Mu ƙaddara ga awo huɗu na famfonmu, lita a minti: a gudu 1000 da matsi 2 yana ba da 30, a gudu 2000 da matsi 2 yana ba da 70, a gudu 1000 da matsi 4 yana ba da 20, a gudu 2000 da matsi 4 yana ba da 56. Muna son gudu 1250 da matsi 3.5.

Fara da gudu. 1250 rubu'in tafiya ne daga 1000 zuwa 2000. A layin matsi 2, tazarar 30 zuwa 70 ita ce 40, rubu'inta 10, ka samu 40. A layin matsi 4, tazarar 20 zuwa 56 ita ce 36, rubu'inta 9, ka samu 29. Yanzu lambobi biyu suka rage, sai ka juya ga matsi. 3.5 kashi uku cikin huɗu ne na tafiya daga 2 zuwa 4. Daga 40 zuwa 29 an sauka da 11, kashi uku cikin huɗunsa 8.25, amsa ta zama 31.75. Ka fara da matsi ka ƙare da gudu, 31.75 ɗin dai za ka samu. Shi ke nan sirrin: ana yin ƙiyasin layi a ma'auni ɗaya, sannan a sake yin sa a kan sakamakon a ma'auni na gaba. Idan ma'aunai uku ne kusurwoyi 8 za a taɓa, idan huɗu ne 16.

Ga shi a SciPy:

```python
import numpy as np
from scipy.interpolate import RegularGridInterpolator

gudu = np.array([1000.0, 2000.0])
matsi = np.array([2.0, 4.0])
ruwa = np.array([[30.0, 20.0],
                 [70.0, 56.0]])

f = RegularGridInterpolator((gudu, matsi), ruwa)
print(f([1250, 3.5]))
```

Zai buga 31.75. Dubi yadda aka jera `ruwa` da kyau, don a nan mutane suka fi faɗawa rami. Ma'aunin da ka fara ambata shi ne layukan kwance, na biyu shi ne ginshiƙai. Idan ka kifa jadawalin, wato layin farko ya zama 30 da 70, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, sai ta miƙo maka 56.75. Kusan ninki biyu na gaskiya, kuma babu ko jan rubutu a allo. Idan yawan gudu da yawan matsi sun bambanta, kuskuren kan tona kansa don siffar ba za ta dace ba. A jadawali mai layuka da ginshiƙai daidai ne yake wucewa shiru. Tushen ruɗanin galibi `np.meshgrid` ne, wanda in ba ka ce masa `indexing="ij"` ba, yakan sa ma'auni na farko a ginshiƙai. A MATLAB ma haka labarin yake: interp2 tsarin meshgrid yake bi, griddedInterpolant da interpn kuma tsarin ndgrid. Maganin mai arha ne. Tambayi manhajar wani ɗigon da ka riga ka san amsarsa, wanda ba a kan layin da ya ratsa jadawalin daga kusurwa zuwa kusurwa yake ba, misali gudu 2000 da matsi 2. In ba ta ce 70 ba, a kife kake.

Sai zaɓin `method`. Na asali shi ne `"linear"`, abin da muka yi da hannu. Ba ya taɓa haura mafi girman kusurwoyin ko sauka ƙasa da mafi ƙanƙantarsu, amma shimfiɗar da yake bayarwa tana da karaya a kan layukan raga. `"cubic"` yana ba da shimfiɗa mai santsi, yana bukatar aƙalla ɗigo 4 a kowane ma'auni, kuma idan kana neman gangaren abin, wato yadda yake sauyawa, shi ya fi dacewa. Aibinsa shi ne zarcewa. Inda awo ya yi tsalle daga sifili zuwa babbar lamba, lanƙwasar kan nutse ƙasa da sifili kafin ta hau, sai ka ga ruwan sama mai alamar debewa. A irin wannan wuri `"pchip"` ya fi hankali. `"nearest"` kuwa ɗigon da ya fi kusa kawai yake kwafowa, kuma shi ne daidai idan abin rukuni ne, kamar nau'in ƙasa mai lamba 1, 2, 3, inda 2.4 ba ta nufin komai.

Idan ka ci karo da tsohon darasi yana amfani da `interp2d`, ka wuce shi. An cire shi daga SciPy tun fitowa ta 1.14.

Mataki na 3: idan warwatse ne, fara daidaita ma'aunai

Wannan matakin shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ɓata aiki. Duk hanyoyin warwatse da nisa suke aiki: wane ɗigo ne kusa, wane ne nesa. Kwamfuta kuwa ba ta san juyi daban, matsi daban ba, lambobi kawai take gani.

A ce gudu na tafiya daga 1000 zuwa 3000, matsi daga 1 zuwa 5, kana neman gudu 1500 da matsi 1. Akwai awo biyu a kusa: ɗaya a gudu 1510 da matsi 5, ɗaya a gudu 1550 da matsi 1. Duk mai aikin famfo zai ce na biyu ne maƙwabci, tunda matsi ɗaya ne kuma gudun ya ɗan gota kaɗan. A lissafin na'ura nisan na farko bai kai 11 ba, na biyu kuma 50 ne, don haka na farko za ta ɗauka, wanda yake can ɗaya ƙarshen matsi. Amma ka raba gudu da faɗinsa 2000, ka raba matsi da faɗinsa 4, nisan na farko ya koma kusan 1, na biyu 0.025, gaskiya ta dawo mazauninta. A `griddata` sai ka sa `rescale=True` kawai. A sauran wuraren da hannunka za ka yi, kuma kada ka manta da daidaita wuraren da kake tambaya da irin lambobin da ka daidaita bayanan da su.

In ma'aunan duka mita ne, gabas da arewa, bar su yadda suke. Masu aiki da digirin taswira su tuna cewa digiri ɗaya na gabas yana ƙanƙancewa yayin da ake nisa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, don haka gara a mayar da su mita tukuna.

Mataki na 4: zaɓi hanyar warwatse

Wadda nake fara gwadawa kullum ita ce ta alwatika. Ana haɗa ɗigogin uku-uku su zama alwatikai da suka rufe filin ba tare da hawa kan juna ba, bisa tsarin da masanin lissafi ɗan Rasha Boris Delaunay ya bayyana a 1934, wanda ke gudun sirara masu kama da allura iyakar iyawa. Duk wurin da ka tambaya yana cikin wata alwatika, sai a gauraya awon kusurwoyinta uku, wadda ka fi kusa da ita ta fi nauyi. SciPy da wata manhaja mai suna Qhull yake gina alwatikan.

```python
from scipy.interpolate import griddata

amsa = griddata(wurare, awo, tambaya, method="linear", rescale=True)
```

`wurare` jadawali ne mai layi ɗaya ga kowane ɗigo da ginshiƙi ɗaya ga kowane ma'auni. `"cubic"` a nan hanyar Clough da Tocher ce ta 1965, mai santsi, amma a ma'aunai biyu ta tsaya. Idan za ka yi tambaya sau dubbai a cikin zagaye, kada ka riƙa kiran `griddata`, don kowane kira sake gina alwatikan yake yi daga tushe. Gina `LinearNDInterpolator` sau ɗaya a waje ka riƙa tambayarsa. Idan kuma Qhull ya yi maka ƙorafi tun farko, duba ko ɗigoginka duk a kan layi ɗaya suke. Ba a fitar da alwatika daga miƙaƙƙen layi.

Hanya ta biyu ita ce ta nauyin nisa, wadda Donald Shepard ya wallafa a 1968, kuma ita ce ake kira IDW a cikin manhajojin taswira QGIS da ArcGIS. Kowane awo yana da murya, amma muryar na raguwa da nisa. Sauƙin fahimta gare ta, shi ya sa ta yaɗu. Ni dai ban cika son ta ba: takan zana da'ira-da'ira kewaye da kowace tasha kamar idon sa, kuma ba ta iya bin gangare, sai ta riƙa komawa matsakaici a inda babu awo.

Ta uku ita ce wadda na fi dogara da ita idan ɗigogi ba su wuce 'yan dubbai ba. Ana ɗora wata siffa mai zagaye a kan kowane ɗigo, sannan a warware lissafin da zai nuna girman kowacce don jimillarsu ta ratsa duk awon daidai. Rolland Hardy ne ya fito da ita a 1971 don zana tudu da kwari a taswira.

```python
from scipy.interpolate import RBFInterpolator

f = RBFInterpolator(wurare_d, awo, kernel="thin_plate_spline", smoothing=0.0)
amsa = f(tambaya_d)
```

`wurare_d` da `tambaya_d` su ne wuraren bayan an daidaita su kamar a mataki na 3. Siffar asali, wadda na rubuta a sama, tana kwaikwayon siririn faifan ƙarfe da aka danna ya taɓa kowane ɗigo, kuma ba ta bukatar ka saita faɗi. Su `"gaussian"` da `"multiquadric"` sai ka ba su `epsilon`, lambar da ke saita faɗin siffar, kuma sakamakon ya rataya a kansa sosai. Tana aiki a ma'aunai ko nawa ne. Tsadarta ita ce ma'ajiya: ɗigo 10,000 na bukatar jadawali mai gida miliyan 100, wato kusan megabayit 800, ɗigo 50,000 kuma gigabayit 20. In ka ninka ɗigogi biyu, lokacin warwarewa kan ninka kusan takwas. Mafita ita ce `neighbors=50` ko makamancin haka, sai kowace tambaya ta yi aiki da maƙwabtanta kawai.

Kula da `smoothing`. Sifili na nufin shimfiɗar ta ratsa kowane awo dole. In na'urar awonka tana da ɗan rawa, kuma wace ce ba ta da ita, to ɗigogi biyu masu maƙwabtaka da suka ɗan saɓa za su sa faifan ya murɗe sosai don ya gamsar da su duka. Ƙara lambar kaɗan-kaɗan har murɗewar ta kwanta.

Akwai ta huɗu, kirigin, mai ɗauke da sunan Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki kan ƙiyasin zinare a farkon shekarun 1950, daga baya Georges Matheron na Faransa ya tsara ta a lissafi. Fifikonta shi ne bayan ƙiyasi tana gaya maka yawan shakkar da ke kansa a kowane wuri. PyKrige na yin ta, haka ma `GaussianProcessRegressor` na scikit-learn idan ka ce `return_std=True`. In aikinka shi ne yanke shawarar inda za a yi awo na gaba, ita ce taka.

Mataki na 5: san inda shingenka ya tsaya

Ka kafa ƙusoshi a allo a wuraren da aka yi awo, ka zagaye su da roba. Abin da ke cikin robar shi ne gonarka. A wajenta ba cike giɓi kake yi ba, hasashe kake yi. `griddata` kan ba da `nan` a can, wato alamar babu lamba, RegularGridInterpolator kuma kan tsaya da kuskure. Mutane kan ji haushin wannan su nemi hanyar rufe masa baki, ko da `bounds_error=False` da `fill_value=None`, ko su cike ramukan da `"nearest"`. Ana iya yi idan dole ne, amma ka ajiye alamar wuraren da ka cike, ka nuna su da wani launi a taswira. RBFInterpolator ya fi haɗari a nan, don ko ka tambaye shi bayan gari zai ba ka lamba da fara'a. Gina `scipy.spatial.Delaunay` a kan wurarenka ka kira `find_simplex`. Duk inda ya ce -1, waje ne.

Robar ma takan yi ƙarya. Idan ɗigogin sun yi siffar jinjirin wata, cikin lanƙwasar yana cikin roba alhali babu awo ko ɗaya a wurin. Zanen mataki na 1 ne zai nuna maka wannan.

Mataki na 6: ɓoye wasu ka gwada

Taswira mai santsi tana da daɗin kallo, amma santsi ba shaida ba ne. Gwada hanya a kan ɗigogin da aka gina ta da su ma ba ya nuna komai, tunda dole ta ratsa su. Abin yi shi ne ka ɓoye wasu awon, ka gina da sauran, sannan ka ga yadda ta cinko waɗanda ka ɓoye.

```python
rng = np.random.default_rng(0)
jeri = rng.permutation(len(awo))
boye, gina = jeri[:40], jeri[40:]

for hanya in ["nearest", "linear", "cubic"]:
    k = griddata(wurare[gina], awo[gina], wurare[boye],
                 method=hanya, rescale=True)
    print(hanya, np.sqrt(np.nanmean((k - awo[boye])2)), np.isnan(k).sum())
```

Lamba ta farko girman kuskure ce, ta ƙarshe kuma tana ƙirga waɗanda suka faɗa wajen shinge. Tana da muhimmanci, don ɗigogin gefe su ne masu wuya, kuma hanyar da ta ƙi amsa su za ta fito kamar ta fi gwaninta. Kwatanta hanyoyin a kan ɗigogin da duka suka amsa. In bayanan kaɗan ne, cire ɗaya-ɗaya har ka zagaye su duka. In kuma awon a cunkushe yake, kamar na jirgin ruwa mai auna zurfi yana tafiya a layi, ɓoyewar kan mai uwa da wabi za ta yaudare ka, tunda kowane ɓoyayye yana da maƙwabci a jikinsa. Ɓoye layi guda sukutum. Sannan ka zana kuskuren a kan taswira, kada ka tsaya ga lamba ɗaya. Sau da yawa a lungu guda ya taru.

Mai raga yana da nasa gwajin: tsallake layi ɗaya bayan ɗaya, ka gina da rabin, ka cinko sauran. Ga abu mai santsi, idan aka rage tazara da rabi kuskuren `"linear"` kan ragu kusan sau huɗu, don haka za ka iya hango kuskuren cikakkiyar ragar daga nan.

Abubuwa biyu da ba sa bin wannan tsari kai-tsaye

Na farko kusurwa ce. Iska ta kaɗa daga digiri 350 a wata tasha, daga digiri 10 a ta kusa da ita. Duka arewa ne, amma matsakaicinsu a lissafi 180, kudu sak. Mayar da kowace kusurwa zuwa `sin` da `cos`, ka ƙiyasta kowanne daban, ka dawo da su da `np.arctan2`. Haka ake yi wa sa'o'in yini. Abin da ke tashi daga 0.01 zuwa 1000 kuwa, ɗauki `np.log` ɗinsa kafin ƙiyasi ka mayar da `np.exp` bayansa, muddin babu sifili a ciki. Wannan ma yana hana amsa sauka ƙasa da sifili.

Na biyu yawan ma'aunai. Ɗigo 10 a kowane ma'auni ɗari ne a ma'aunai biyu, dubu a uku, miliyan a shida. Alwatikan Delaunay suna yawaita da saurin da kwamfuta kan gaza, kuma galibin wuraren da za ka tambaya sai su faɗa wajen roba ko da kana ganin bayananka da yawa. Da ka wuce ma'aunai huɗu ko biyar, fara tambayar kanka ko duka suna da tasiri. Zana sakamakon da kowane ma'auni shi kaɗai, ka jefar da wanda bai motsa komai ba. Abin da ya rage ka kai shi ga RBFInterpolator mai `neighbors` ko kirigin. In kai ne ke zaɓen inda za a yi awon, kamar mai gudanar da kwaikwayon kwamfuta mai cin lokaci, kada ka jera raga, `scipy.stats.qmc` yana da `Sobol` da `LatinHypercube` masu baza ɗigogi kaɗan su game filin, sai ka ƙara kusurwoyin filin da hannu don robar ta kai bango.